Yawan Ciniki Ba Ya Auna Gwaninta: Darasi Daga Tarihin The Go-Betweens

Wata mummunar ɗabi'a ta yi katutu a tsakanin masu sauraron kiɗa da waƙa a wannan zamani, wato auna darajar mawaƙi da yawan mutanen da suka danna waƙarsa a YouTube ko Spotify, ta yadda da zarar an ambaci sunan wanda ba a sani ba, abin da ake fara tambaya shi ne miliyan nawa suka kalle shi, idan kuwa aka tarar lambar ba ta taka kara ta karya ba, sai a yanke masa hukuncin rashin iyawa tun ba a ji ko baiti ɗaya daga bakinsa ba. Wannan hukunci ya zama ruwan dare a shafukan sada zumunta da majalisun matasa, har ana maimaita shi kamar hadda, wai da ya iya da duniya ta san shi. Magana ce mai daɗin faɗa wadda ba ta da tushe, kuma zalunci ce ga mutanen da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kan aikin da kasuwa ta kau da kai daga gare shi saboda dalilan da ba su shafi kyan aikin ba. Tarihin wata ƙungiyar makaɗa ta ƙasar Ostireliya mai suna The Go-Betweens, wadda ta fitar da kundin waƙoƙi tara tsakanin 1981 da 2005 ba tare da waƙarta ko ɗaya ta shiga sahun arba'in na farko a jadawalin ciniki na Ingila ko na ƙasarta ba, ya isa ya rushe wannan zato.

Kafin a shiga labarin, ya kamata a fayyace wasu kalmomi. Rok salon kiɗa ne da ya samo asali a Amurka a shekarun 1950, wanda ginshiƙinsa jita mai amfani da lantarki, da jitar bas mai kaurin amo, da ganguna.  Kundi, wanda aka fi sani da albam, tarin waƙoƙi ne da ake fitarwa a faifai ɗaya, jadawalin ciniki kuma jeri ne da ake wallafawa duk mako na waƙoƙin da aka fi saye.

Mutum biyu ne suka kafa ƙungiyar a birnin Brisbane na jihar Queensland a ƙarshen 1977, wato Robert Forster, wanda aka haifa a 1957, da Grant McLennan, wanda aka haifa a 1958, kuma sun haɗu ne suna ɗalibai a Jami'ar Queensland. Forster ya riga ya fara kaɗa jita da rubuta waƙa, shi kuwa McLennan hankalinsa na wajen fina-finai da adabi, bai iya kaɗa komai ba sai da abokinsa ya lallashe shi ya koyi jitar bas. Sun aro sunansu daga wani littafin ƙagaggen labari da marubucin Ingila L. P. Hartley ya wallafa a 1953, kuma ma'anar sunan ita ce ɗan aike mai kai saƙo tsakanin mutum biyu. Brisbane ta wancan lokaci gari ne da ke ƙarƙashin gwamnatin Joh Bjelke-Petersen, wanda ya riƙe jihar daga 1968 zuwa 1987, ya haramta zanga-zangar kan titi a 1977, 'yan sandansa kuma suka yi ƙaurin suna wajen tarwatsa tarukan matasa. Babu babban kamfanin faifai a garin, don haka a 1978 suka buga faifansu na farko da kuɗin aljihunsu a ƙarƙashin wani ƙaramin tambari mai suna Able Label, kwafi 'yan ɗaruruwa kacal. A 1980 wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a mai suna Lindy Morrison, wadda ta taɓa aiki da ofishin ba da agajin shari'a ga 'yan asalin ƙasar, ta shigo a matsayin mai kaɗa ganguna, kuma da shigowarta ne kiɗan ƙungiyar ya samu kamannin da aka san shi da su.

Wanda ke cewa rashin ciniki shaida ce ta rashin iyawa bai san yadda waƙa take shiga jadawali ba, ko kuma ya sani ya yi kamar bai sani ba. A Ingila ta shekarun 1980, ƙofar kasuwa ɗaya ce babba, wato gidan rediyon BBC Radio 1, wanda wasu 'yan tsirarun ma'aikata ke zaunawa su tsara jerin waƙoƙin da za a riƙa sakawa da rana, lokacin da miliyoyin mutane ke saurare. Waƙar da ta shiga wannan jeri jama'a za su ji ta sau da yawa a mako guda, su je shago su saya, idan ta kai sahun arba'in na farko kuma sai a gayyaci masu ita shirin talabijin na Top of the Pops, wanda ke ninka cinikin a mako mai zuwa. Kafin waƙa ta kai ga teburin waɗannan ma'aikata, sai kamfani ya biya dillalan da aikinsu shi ne bin gidajen rediyo suna tallata faifai, ya ɗauki nauyin bidiyo, ya sayi shafin talla a jaridu, ya kuma tabbatar da cewa faifan yana kan kanta a kowane shago a makon da ake buƙatarsa. Duk wannan aikin kuɗi ne da haɗin baki da sa'a, kuma babu ko ɗaya a ciki da marubucin waƙa ke da iko a kansa. Jama'a ba sa ƙin abin da ba su ji ba, saboda haka lambar da ke jikin jadawali tana faɗin yawan mutanen da aka kai wa waƙa har kunnensu ne, ba ta faɗin abin da za su ce da an kai musu wata.

A wannan fanni ne The Go-Betweens suka gamu da rashin sa'a iri-iri, domin tsakanin 1978 da 1986 sun bi ta hannun kamfanoni bakwai. Reshen Ingila na kamfanin Beserkley ya yi musu tayin yarjejeniya tun a 1978, amma ya durƙushe kafin a buga komai. Kamfanin Postcard na birnin Glasgow, wanda Alan Horne ya kafa, ya fitar musu da ƙaramin faifai ɗaya a 1980, shi ma bai daɗe ba ya rufe. Missing Link na Melbourne ya buga kundinsu na farko, Send Me a Lullaby, a 1981, sannan Rough Trade na Landan ya fitar da na biyu, Before Hollywood, a 1983, shekarar da kamfanin ya ɗauki ƙungiyar The Smiths, wadda ta cinye hankalinsa da ɗan abin da ke asusunsa. Daga nan suka koma Sire, wanda ya kashe kuɗi aka ɗauki kundi na uku, Spring Hill Fair, a situdiyon Miraval da ke kudancin Faransa a 1984, amma da faifan bai yi kasuwa nan take ba sai kamfanin ya sallame su. Suka sa hannu da reshen Landan na kamfanin Elektra, aka rufe reshen kafin kundi na huɗu ya fito, sai Beggars Banquet ya karɓi aikin ya fitar da shi a 1986 da sunan Liberty Belle and the Black Diamond Express. Duk wanda ya san kasuwanci ya san cewa hajar da ke sauya dillali kowace shekara ba ta kafa suna, domin kowane sabon dillali daga farko yake somawa, kuma ba shi da dalilin tallata tsohon kayan da ribarsa ke tafiya aljihun wani.

Ga kuma matsalar nisa. Mutanen Ostireliya gaba ɗaya ba su kai miliyan 17 ba a shekarun 1980, kasuwarsu kuma ta fi karkata ga kiɗa mai ƙarfi da ake yi a manyan mashaya, wanda ba shi ne irin na wannan ƙungiya ba. Dole ta sa suka yi ƙaura zuwa Landan a 1982, tafiyar fiye da kilomita 16,000 daga gida, suka zauna can har zuwa ƙarshen 1987 cikin ƙuncin rayuwa da sanyi da gidajen haya marasa kyau. Mutanen gida suka ɗauke su a matsayin waɗanda suka tafi, mutanen Ingila kuma suka ɗauke su baƙi, ga shi mawallafan jaridun kiɗa suna yabonsu kusan duk fitowar kundi, yabon da ba ya biyan kuɗin haya. Saɓani na cikin gida shi ma ya taka tasa rawar, kamar yadda yakan faru ga duk mutanen da talauci ya haɗa a ɗaki ɗaya.

Abin da ya fi tona asirin zaton cewa ciniki ke auna gwaninta shi ne abin da ya faru a lokutan da ƙungiyar ta yarda ta bi son kasuwa. A lokacin ɗaukar Spring Hill Fair, da kuma wasu waƙoƙi na kundi na biyar, Tallulah, wanda ya fito a 1987, masu tsara sauti sun matsa a yi amfani da na'urar da ke buga ganga da kanta, domin irin wannan amo ne ke tashe a rediyo a lokacin. An yi yadda suka ce, an tauye hannun Morrison, amma jadawalin bai motsa ba, kuma a yau waɗannan wurare ne masu saurare suke ganin sun fi tsufa a cikin aikin ƙungiyar. Kundi na shida, 16 Lovers Lane, wanda aka ɗauka a Sydney a 1988 tare da mai tsara sauti Mark Wallis, shi ne mafi santsi da sauƙin shiga kunne, kuma a cikinsa akwai «Streets of Your Town», waƙar da gidajen rediyo suka saka sosai, amma duk da haka ta tsaya a lamba ta 80 a Ingila. A 1989 sun yi rangadi tare da R.E.M., ƙungiyar Amurka da ita ma daga ƙaramin kamfani ta taso kuma take gab da zama ɗaya daga cikin manya a duniya, sai dai a watan Disamba na wannan shekara Forster da McLennan suka gaji suka rushe ƙungiyar. Da a ce kyan waƙa kaɗai ke kawo ciniki, da wannan kundi ya sayar da miliyoyi, da kuma a ce bin kasuwa ke kawo shi, da na'urar ganga ta kawo.

Hujjar gwaninta tana cikin aikin kansa, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau. Tsarin ƙungiyar shi ne kusan kowane kundi yana ɗauke da waƙa goma, biyar na Forster biyar na McLennan, kuma kowa shi ke rera abin da ya rubuta, ta yadda mai saurare yake jin halaye biyu suna amsa wa juna. Forster yana rera waƙa kamar mai magana, da murya busasshiya da barkwanci a ɓoye, yana zana mutane da tufafinsu da ɗakunansu kamar mai rubuta gajeren labari, McLennan kuwa karin waƙarsa yana gudana kamar ruwa, kuma jigonsa kewa ce da tunanin abin da ya wuce. Mahaifin McLennan likita ne da ya mutu yana ɗan shekara huɗu, ya tashi a arewacin Queensland tsakanin garin Cairns da wata gonar kiwon shanu, aka kuma tura shi makarantar kwana a Brisbane. Daga wannan rayuwa ya rubuta «Cattle and Cane» a Landan, da jitar da ya ara wajen mawaƙi Nick Cave, waƙar da ke tuna ƙasar rake da shanu ta idon yaro ɗan makaranta. Ƙidayar bugunta ba ta faɗa a kan huɗu-huɗun da kusan duk waƙoƙin rok ke bi ba, goma sha ɗaya ake ƙidayawa kafin jimlar kiɗan ta zagayo, kuma Morrison ce ta samo yadda za a kaɗa wannan lissafi mai wuya har mai saurare ya ji shi kamar tafiyar jirgin ƙasa, ba tare da ya lura akwai wani abu baƙo ba. Ɓoye wahala irin wannan ita ce alamar gwani a kowace sana'a.

Haka ma «Streets of Your Town» take da fuska biyu, domin kiɗanta mai haske ne kamar hantsi, alhali a cikin baitocinta akwai maganar matan da mazajensu ke dukansu a cikin garin da ake yi wa kallon zaman lafiya, da maganar rushe tsofaffin gine-gine, abin da Brisbane ta sha fama da shi a zamanin Bjelke-Petersen. Da Amanda Brown ta shigo a 1986, ta kawo goge irin na Turawa da kuma obo, wata abin busa mai kama da algaita wajen yadda ake hura ta ta bakin kara biyu, kuma duk wanda ya ji yadda busarta ta ɗauki ƙarshen «Bye Bye Pride» a kundin Tallulah zai gane cewa rabin kyan waƙar daga hannunta ya fito. Robert Vickers ya riƙe jitar bas daga 1983 zuwa 1987, abin da ya bai wa McLennan damar komawa kan jita, bayansa kuma John Willsteed ya karɓa, ya ƙara da kaɗa jita mai laushi a 16 Lovers Lane.

Hausawa na cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma waƙa ma haka take, lokaci ne alƙalinta. A 2001 ƙungiyar APRA, mai kula da haƙƙin marubuta waƙa a Ostireliya, ta cika shekara 75, ta fitar da jerin waƙoƙi talatin mafi daraja a tarihin ƙasar, kuma «Cattle and Cane», wadda ba ta yi wata kasuwa ba a 1983, tana ciki. Bayan shekara goma kowa yana aikin kansa, Forster da McLennan sun sake haɗuwa suka fitar da The Friends of Rachel Worth a 2000, wanda aka ɗauka a birnin Portland na Amurka tare da taimakon 'yan ƙungiyar Sleater-Kinney, matasan da suka taso da jin tsofaffin faifansu. Bright Yellow Bright Orange ya biyo baya a 2003, sannan Oceans Apart a 2005, wanda ya ci lambar yabo ta ARIA, babbar lambar masana'antar kiɗa ta ƙasar. Kamfanin Domino ya sake buga tsofaffin ayyukansu a manyan akwatuna daga 2015, aka kuma yi fim na tarihinsu a 2017 ƙarƙashin jagorancin Kriv Stenders. Waƙoƙi da yawa da suka hau saman jadawali a makonnin da wannan ƙungiya ke ƙasa, yau ko masu su ba sa son a tuna musu.

Ba a cewa duk abin da bai sayu ba mai kyau ne, domin akwai tarin faifan da kasuwa ta ƙi kuma ta yi daidai, kamar yadda akwai waɗanda suka sayar da miliyoyi bisa cancanta. Kundin farko na wannan ƙungiya ma yana da kaushi, muryoyin ba su nuna ba tukuna. Abin da ake ƙi shi ne a ɗauki lamba a matsayin shaida, alhali ita kanta lambar sai an tambaye ta daga ina ta fito.

Akwai kuma wani zalunci ƙarami da ke ɓoye a cikin babban, wanda ko masoyan ƙungiyar ba su tsira daga gare shi ba, wato taƙaita labarin a kan maza biyu marubuta waƙa. Yadda aka rushe ƙungiyar a 1989 ba tare da shawarar Morrison da Brown ba ya bar ɗaci mai tsawo, kuma da aka dawo a 2000 ba su cikin tafiyar, Adele Pickvance da daga baya Glenn Thompson ne suka riƙe bas da ganguna. Morrison ta shafe shekaru bayan haka tana fafutukar kare haƙƙin makaɗa a Ostireliya, kuma a 2021 mawaƙiyar Ingila Tracey Thorn ta wallafa littafi sukutum a kanta domin mayar mata da gurbinta a tarihin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mai yabon da ya manta da masu ganga da goge ya yi rabin adalci ne kawai.

Gyara yana hannun mai saurare, kuma abu na farko da ake buƙata daga gare shi shi ne ya daina duba lamba kafin ya ji waƙa. Manhajojin zamani sun ajiye adadin masu kallo a ƙarƙashin kowane suna da gangan, domin sun san ido yana riga kunne yanke hukunci, kuma mutumin da ya ga lamba ƙarama yakan shiga waƙar da raini a zuciyarsa, ya fita bayan daƙiƙa ashirin yana cewa ai daman ya sani. Wannan ragwanci ne da aka yi wa ado da sunan ɗanɗano. Ya kamata a ji waƙa har ƙarshenta, a sake jin ta a wata rana dabam, sannan a yi magana.

Abu na biyu shi ne a koma ga al'adar jin kundi gaba ɗaya, daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe bisa jerin da masu shi suka tsara, domin kundin wannan ƙungiya bai cika wuce minti arba'in ba, kuma an jera shi ne ta yadda waƙar ɗaya za ta amsa ta ɗaya. Wanda zai fara sanin su ya fara da 16 Lovers Lane, wanda ya fi sauƙin kamawa, ya koma baya zuwa Liberty Belle and the Black Diamond Express, inda kiɗan yake da ɗumi kuma babu na'ura a ciki, sannan Before Hollywood, inda mutum uku kaɗai suka yi aikin, daga nan ya tsallaka zuwa Oceans Apart ya ji abin da shekaru suka ƙara wa muryoyin biyu. Kundin farko a bar shi sai a ƙarshe, lokacin da kunne ya saba. Kowane kundi a ba shi aƙalla ji uku a tsakanin kwanaki, domin waƙar da aka gina a kan kalmomi da ƙananan juye-juyen kari ba ta buɗe ƙofarta a haɗuwar farko.

Na uku, a nemi baitocin a rubuce a karanta, musamman ga wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne, a kuma nemi sanin garin da zamanin da suka haifi waƙar, tunda wanda bai san Brisbane ta 1980 ba zai ji daɗin kari ne kawai ya rasa abin da ake faɗa. Waƙoƙin wata al'umma suna ɗauke da al'adunta, kuma mai hankali yakan ɗauki abin da zai amfane shi ya bar saura. A kuma horar da kunne ya bi kayan kiɗa ɗaya-ɗaya, wannan karo ganguna kaɗai, karo na gaba bas ko goge, sannan a karanta sunayen da ke bayan faifai a san wa ya yi me, domin ta haka ne ake sanin masu aikin da ba su tsaya a gaban makirufo ba.

Na huɗu ya shafi aljihu, kuma a nan ne ake yawan jin kunya. Mutum zai yi ta kukan cewa an danne mawaƙin da yake so, alhali bai taɓa biyan ko sisin kwabo a kan aikinsa ba, sai dai ya sauke daga shafukan sata ko ya kai wayarsa a tura masa. Masu karatu a ƙasar Hausa ba sa buƙatar a yi musu bayanin illar wannan, domin sun ga yadda satar fasaha da turi a waya suka kashe kasuwar faifai ta fina-finai da waƙoƙin Hausa. Ko a hanyoyin halal ma ƙaramin mawaƙi ne ke shan kashi, tunda daga 2024 Spotify ya daina biyan komai a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 a cikin wata goma sha biyu ba, kuɗin kuma ya koma ga waɗanda suka riga suka yi yawa. Wanda ke da hali ya sayi aikin kai tsaye, ko ta shafi irin Bandcamp inda kaso mafi girma ke isa ga mai aikin, wanda ba shi da hali kuma ya saurara ta hanyar da aka amince da ita, ya kuma gaya wa wani. Haƙƙin mai fasaha haƙƙi ne kamar na maƙeri da manomi, cin sa kuma ba ya zama halal don mai shi yana wata ƙasa.

Na biyar, kada a bar wa manhaja zaɓi. Lissafin kwamfutar da ke jero wa mutum abin da zai ji a gaba yana tura shi ne zuwa ga abin da jama'a suka riga suka taru a kai, wato tsohon jerin Radio 1 ne ya dawo da sabuwar riga, kuma wanda ya sallama masa kunnensa zai shekara yana zagaye a fili ɗaya. Hanyar fita ita ce bin sawu: a duba kamfanin da ya buga faifan da aka so, a nemi sauran waɗanda ya buga, a duba waɗanda mawaƙin ya ce ya koya daga gare su, a tambayi dattawan da suka riga kowa saurare. Masu gabatar da shirye-shirye a rediyo da marubuta a jaridu suna da nauyi na musamman a nan, kuma suna da abin koyi a John Peel na BBC, wanda ya shafe shekaru yana amfani da shirinsa na dare wajen saka makaɗan da shirin rana ya rufe wa ƙofa, ya kuma gayyaci The Go-Betweens suka ɗauki waƙoƙi domin shirin nasa fiye da sau ɗaya. Mai shirin da ba ya saka komai sai abin da ke tashe bai yi wa masu sauraronsa wani aiki ba, wayarsu ma tana yi musu wannan.

Ana kuma jan kunnen wanda ya gano irin waɗannan makaɗa da kada ya faɗa ɗaya ramin, na raina duk abin da jama'a ke so da ɗaukar kansa mai kunnen zinariya, domin girman kai rawanin tsiya ne, kuma shi ma lamba yake bi, sai dai ya juya ta kai ƙasa. Forster da McLennan kansu ba su taɓa ɓoye cewa suna son waƙarsu ta yi kasuwa ba, kuma suna girmama mawaƙan da suka yi.

Na ƙarshe, a yaba wa mai aiki tun yana raye. Grant McLennan ya mutu sakamakon bugun zuciya a gidansa da ke Brisbane ranar 6 ga Mayu, 2006, yana da shekara 48, watanni kaɗan bayan lambar ARIA, a daidai lokacin da shi da abokinsa suka fara rubuta waƙoƙin kundi na goma, kuma da mutuwarsa Forster ya sanar da cewa ƙungiyar ta ƙare. Gwamnatin Queensland ta kafa tallafi ga marubuta waƙa da sunansa, a 2010 kuma aka buɗe wata sabuwar gada a kan kogin Brisbane mai suna Go Between Bridge, sunan da mutanen garin suka zaɓa ta hanyar ƙuri'a. Dubban motoci suna bi ta kanta kowace rana, amma mutumin da ya rera wa titunan garin waƙa bai taɓa taka ta ba, domin an buɗe ta shekara huɗu bayan mutuwarsa. Duk wanda ya san wani gwani da ke raye a yau wanda lamba ba ta yi wa adalci ba, ya saurare shi, ya biya shi haƙƙinsa, ya kuma faɗi sunansa yanzu, kada yabon ya zama ihu bayan hari.